Yadda Mainasara Ya Rushe Yariko

A shekarun da ake ta raɗe-raɗin Turawa sun kusa tafiya amma ba su tafi ba, akwai wata 'yar unguwa a kudancin Tudun Wada, kan hanyar Doguwa, ana ce mata Gidan Maikano. Mutanenta Maguzawa ne da suka karɓi bishara. Suna da majami'a ta jinka, suna da guntun ƙarfen dogo rataye a jikin ɗorawa wanda ake kwaɗawa ran Lahadi, suna kuma da Mainasara.

Mainasara bai taɓa fara abu ya gama ba, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya jera duwatsun Riruwai da hannunsa. Ya je haƙar kuza, ya dawo tun ba a yi kewarsa ba, ya ce Baturen ne ya tsorata kada ya ƙwace masa aiki. Ya fara saƙa, ya bar zaren a masaƙa har gara ta cinye. Ya haƙa rijiya iya ƙugu, ya ce ƙasar ce ba ta da kirki, a ramin nan awaki ke shan inuwa har yau. Duk abin da ya kawo daga Riruwai wata tsohuwar hular Bature ce mai kama da ƙwarya, ita ce kuma shaidarsa a kowace gardama.

Abu guda ne ya tsaya masa a rai: Kyauta, 'yar Baba Maikano, mai unguwa kuma dattijon majami'a. Son nan kam ba cika baki ba ne, da gaske yake yin sa. Ya je da kansa ya durƙusa gaban mahaifinta. Maikano tsohon maharbi ne da ya rataye kwari da baka ranar da aka yi masa baftisma, ba ya son dogon zance.

"Mainasara, ban ƙi ka ba," in ji shi. "Nuna mini abu ɗaya da ka fara ka kai ƙarshensa, ko da igiyar akuya ce ka tufka. Ran nan sai mu yi magana."

"Baba, ai ni manyan abubuwa ne ke gabana."

"To, gama ƙarami mu gani."

Ana cikin haka, bayan an gama girbi, Tasalla matar Malam Uba mai bishara ta haihu. Ita ce ke koyar da yara a makarantar Lahadi ƙarƙashin ɗorawa, lokacin da manya ke cikin sujada. Malam Uba ya tsaya gaban jama'a ya ce ana neman wanda zai riƙe yara har ta gama wankan jego. Nan take kowa ya tuna yana da yatsun ƙafa da ya daɗe bai duba ba. Mutum ɗaya ne ya miƙe, hula a hannu.

Malam Uba ya dubi dama, ya dubi hagu, ko Allah zai tayar da wani. Ba kowa.

"Mainasara, ka iya karatu?"

"Malam, karatu ai na masu mantuwa ne. Ni a ka nake riƙewa." Ya juya yadda sashen mata zai ji shi sosai. "Uwargida tana zaunar da yara ta yi ta zuba musu labari kamar tatsuniya. Ni a aikace za su gani da idonsu. Kafin ta gama wanka yaran nan sun fi ku sanin Littafi. Majami'ar nan kuwa sai an ƙara mata tsawo saboda mutanen da zan jawo."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Allah Ya sa kada ya bar mana su iya ƙugu."

Lahadin farko ya zaɓi labarin ɓatacciyar tunkiya. Da sassafe ya ja tunkiyar gwaggonsa ya ɗaure bayan wani kurmi. Da yara suka taru ya fara kafa doka: daga yau sunansa Malam. Sannan ya ce musu wata tunkiya ta ɓata a daji, wanda ya samo ta za a yi murna da shi har a sama. Bai faɗi launinta ba, bai faɗi ta wane ne ba. Yara suka watse kamar an zuba wa kaji tsaba.

To, a bakin ƙorama akwai Baffa Lawal, Bafulatani makwabcinsu, wanda tumakinsa ke kiwo a gonakin da aka girbe. A idon yara kowace tunkiyar da ba ta da igiya ɓatacciya ce. Kuma ina za a kai abin da aka tsinta in ba ɗakin Allah ba?

Malam Uba ya rufe ido yana tsakiyar addu'a, yana roƙon Ubangiji Ya tattaro ɓatattu, sai ya ji wani abu mai ɗumi yana lasar gwiwarsa. Ya buɗe ido ya ga majami'a ta cika maƙil, abin da bai taɓa gani ba tun da aka gina ta. Wani rago yana cin tabarmar dattawa. Mata na ihu, yara na ta shigo da wasu.

Baffa Lawal ya iso da sandarsa a kafaɗa, ya tsaya bakin ƙofa, ya yi sallama a natse.

"Malam Uba, shekara da shekaru muna zaman lafiya. Ban san an kai ga yi wa tumakina wa'azi ba."

"Baffa, ka yi haƙuri, kuskure ne."

"Ba komai. In kun gama da su a miƙo mini, lokacin shan ruwansu ya yi."

Tunkiyar gwaggo kuwa ba wanda ya tuna da ita. Ta cinye igiyar, ta shiga rogon wani. Da aka titsiye Mainasara sai ya gyara hula ya ce, "Guda ɗaya aka nema, aka samo garke. Ku nuna mini malamin da ya taɓa yin haka."

Lahadin da ta biyo baya aka hana shi taɓa dabba. Sai ya ɗauko labarin yadda Yesu ya ciyar da taron jama'a da ɗan abinci kaɗan. Akwai wata yarinya mai baki, Asabe, wadda uwarta ta ƙulla mata ƙosai a ganye. Mainasara ya karɓe, ya ɗaga sama, ya yi addu'a mai tsawo, ya shiga gutsuttsurawa. Sai dai malami ba ya ba yara abin da bai ɗanɗana ba. Ya ɗanɗana na farko ya ji gishiri, ya ɗanɗana na biyu ya tabbatar. Kafin rabo ya kai layin baya, abin da ke hannunsa ko tururuwa ba za ta tsaya masa ba. Ƙananan suka ɓarke da kuka.

"Malam," in ji Asabe, "ka ce har ragowa aka kwashe a kwanduna. Ina namu?"

"Bangaskiyarku ce ba ta kai ba."

"To, ga mai nan a gemunka."

Kukan ya kai har cikin majami'a. Kyauta ce ta zame ta fita, ta shiga gida, ta fito da ƙwaryar dafaffiyar gyaɗa ta raba musu. Mainasara ya buɗe hannuwa.

"Kun gani? Ban ce muku abinci zai zo ba?"

"Daga tukunyar babana ya zo, Malam," in ji Kyauta. Yadda ta ja kalmar Malam ɗin nan, wani zai ji kunya. Shi kuwa ya kwana yana murmushi, wai ta fara girmama shi.

Bayan haka Malam Uba ya sa dattawa su riƙa zama kusa da Mainasara suna gadi, aka yi 'yan makonni ba a ji komai ba sai labaran Riruwai. Har aka zo jajibirin Lahadin ƙarshe kafin Tasalla ta dawo. Maikano ya kira shi zaure.

"Gobe ka zaunar da yaran nan, ka ba su labari, ka sallame su kowa da ƙafarsa. Ba wanda zai tsaya a kanka. In ka yi haka, na ɗauka ka gama abu ɗaya. Sai ka turo manyanka."

Ka ji fa. Zama kawai, da labari, da sallama, Kyauta ta zama tasa. Ko jariri aka ba wannan aiki zai iya. Amma Mainasara ya fito daga zauren yana tunanin cewa mutum irinsa ba ya rufe aiki a zaune. Dole a yi abin da za a riƙa faɗa har Bebeji. Labarin Joshuwa da garun Yariko ya faɗo masa: a zagaya gari, a busa ƙaho, a yi ihu, garu ya zube.

Garu kuwa akwai shi. A bayan gidan Maikano, dab da babban rumbunsa, akwai kangon wani tsohon ɗaki, daidai inda Kyauta za ta hango daga tsakar gida. Da yamma ya ɗauki fartanya ya shiga ƙwaƙule gindin kangon, don gobe turawa ɗaya ta isa. Ya ƙwaƙule rabi, ya gaji, ya ce sauran na bangaskiya ne.

Saura ƙaho. Akwai guda a zauren Maikano, rataye kusa da wata tsohuwar fatar barewa. Ya tare Kyauta tana dawowa daga rafi ya ce ta miƙo masa.

"Ƙahon Baba? Wannan ba a busa shi don wasa. Tun kakanni, in aka ji muryarsa, to damisa ce ta shigo gari. Maharba har na bayan dutse sun san shi."

"Wannan a da ke nan, Kyauta. Yanzu zamanin haske ne."

"Karnukansu ma an gaya musu?"

"Ke dai gobe ki tsaya inda za ki gani."

"Zan tsaya inda zan iya gudu," in ji ta, ta wuce da tulunta.

Da safe, manya na shiga sujada, ya lallaɓa zaure ya sauko da ƙahon. Ya ga fatar barewar, ya ce Joshuwa ai jarumi ne, ba ya fita yaƙi da taguwa. Ya yafa ta, ya ɗaure a wuya, ya ɗora hula a kai. Ya jera yara, kowa da karan dawa a matsayin mashi, suka shiga zagaya kango. A zagaye na bakwai ya cika kumatu ya busa.

Ƙahon nan ya daɗe bai yi magana ba, da ya samu baki kuwa sai da duwatsu suka amsa. Yara suka kwarma ihu. Kango ya tsaya yana kallonsu.

Mainasara ya matsa kamar zai gyara fata, ya dafa da kafaɗa. Ko ƙura ba ta zubo ba. Ya juya ya tura da baya. Shiru.

"Malam," in ji Asabe, "ko taka bangaskiyar ce ba ta kai ba?"

Wannan magana ta ƙona masa rai. Ya sake busawa, ya ƙara, ya ƙara, har jijiyoyin wuyansa suka fito. A cikin majami'a, Maikano ya miƙe tsaye a tsakiyar waƙa ba tare da ya sani ba, hannunsa na laluben kwarin da ya ajiye tun shekaru. Mata suka tuna 'ya'yansu na waje. Aka yi ƙofa gaba ɗaya, aka bar Malam Uba da baiti a baki.

Amma karnuka sun riga kowa. Daga bayan dutse suka ɓullo, irin ramammun karnukan farauta masu yankakken kunne, a bayansu maharba na gudu da kwari da baka. Karnuka suka zo neman nama. Suka duba, ba damisa. Sai ga wani abu mai warin barewa yana tafiya da ƙafa biyu.

"Kai! Kul! Ni malami ne!" in ji Mainasara.

Karnuka ba su taɓa zuwa makarantar Lahadi ba. Ya zuba da gudu, ya shiga zagaya kangon, suna biye. Yara suka hau kan dutse suna ƙirga masa zagaye da murya ɗaya, don sun ɗauka cikin darasin ne. Ya yi ƙoƙarin kwance fatar, ashe ƙullin nan shi ne abu na farko da ya taɓa yi da kyau. Da ya ji numfashi a dugadugansa sai ya daka tsalle ya kama rumbun Maikano, ya dafe, ya haye har kan jinka, ya rungume tsororuwa.

Rumbun nan tun na uban Maikano ne. Ya tsufa, yana zaune kan duwatsu, an kuma cika shi da dawa har wuya. Ya jure damina mai yawa, amma ba a gina shi don ɗaukar malami ba. Ya yi wata 'yar ƙara, ya karkata a hankali kamar tsoho zai zauna, sannan ya tafi gaba ɗaya. Ya fashe gida biyu, dawa ta malale har bakin hanya.

Sai yara suka ɗaga karan dawa sama.

"Yariko ta faɗi! Yariko ta faɗi! Halleluya!"

Daidai nan jama'ar majami'a suka iso ta gabas, maharba ta yamma, kajin unguwa da awaki ta ko'ina. Har Baffa Lawal ya zo da sandarsa don taimakon makwabta. Kango na nan tsaye, ko tsagewa bai yi ba.

Wani saurayi dogo a gaban maharba, Ɗanliti, ya ɗana kibiya yana huci.

"Ina damisar?"

Kyauta ta nuna da haɓa. "Ga ta can cikin dawa, da hula."

Tulin dawa ya motsa, hula ta fito, sannan kai. Ɗanliti ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya kira karnukansa, ya ajiye baka, ya karɓi ƙwarya ya shiga taya mata kwasar hatsi. Da suka gama Kyauta ta kawo masa ruwa. Mutumin da ya yi gudu daga bayan dutse, ka ce zai shanye a tashi ɗaya, amma sai ya yi ta kurɓa a hankali.

Baffa Lawal ya leƙa ya ce, "Malam Uba, ashe ranar tumakina da sauƙi."

Maikano ya daɗe tsaye kan ɓaraguzan rumbun ubansa. Sannan ya sunkuya ya zare ƙahonsa daga hannun Mainasara.

"Na ce ka nuna mini abin da ka fara ka gama. Wannan kam ka gama shi."

"Baba, in ka duba ta fuskar darasi..."

"Za ka gina wani."

"In na gina, zancenmu fa?"

"Gina tukuna."

Abin mamaki, Mainasara ya kama gini. Rumbu ba a yi masa gaggawa: ka ɗora laka, ka jira ta bushe, ka ƙara. Na farko ya fito a karkace, Maikano ya dube shi sau ɗaya ya wuce. Na biyu ruwan farko ya narkar da shi. Ya sake kwaɓa ƙasa. Hannunsa ya yi kanta, bakinsa ya ragu, har mutane suka fara tausaya masa. Babbar wahalarsa ɗalibansa ne. Sun ga abin da idonsu, ba mai raba su da shi. Da zarar gini ya ɗan tashi sai su zo da karan dawa su jeru.

"Malam, zagaye ɗaya kawai," in ji Asabe.

"Ku ɓace mini daga nan!"

"Ba za mu yi ihu da ƙarfi ba."

Haka malamin bangaskiya ya koma gadin laka da tsumagiya, yana korar masu bi.

Yana fama da laka, bai lura da abin da duk unguwa ta lura da shi ba. Ɗanliti ya dawo wai ya manta wuƙarsa. Ya sake dawowa wai kare ya ɓata. Daga nan ya fara zama a layin baya ran Lahadi, ya matso tsakiya, ya shiga ajin masu neman baftisma. Da damina ya kawo samarin ƙauyensu suka nome wa Maikano gona tun daga wannan kunya har waccan, ba su bar ko ciyawa ɗaya ba.

Kaka ta zagayo, rumbu na uku ya tsaya. Kuma gaskiya ya yi kyau: ga ciki, ga wuya, ba tsaga ko ɗaya. Aka zuba sabuwar dawa ya riƙe. Mainasara ya yi wanka, ya goge hula, ya nufi zauren Maikano. Ya tarar da takalma jere a ƙofa, ba masaka tsinke. Manyan Ɗanliti ne, sun riga sun zauna, har an kai ga addu'a.

Maikano ya fito ya dafa kafaɗarsa. "Rumbu ya yi, ɗana. Ka gama. Sai dai ita yarinyar ba ta jira ba, ni kuwa ban yi alkawarin ɗaure ta ba."

Ranar biki, daga rumbun nan aka ɗebo dawar tuwo, kowa ya ci yana yaba ginin. Malam Uba ya tashi a gaban jama'a ya ce kada a manta da ɗan'uwa Mainasara, wanda ya yi alkawari a wannan ɗaki cewa zai jawo mutane. Ga shi ya jawo mutum ɗaya, kuma mutumin kirki. Aka yi tafi, aka yi guɗa, Kyauta ta sunkuyar da kai.

Daga baya, a ƙarƙashin ɗorawa, samari suka kewaye shi suna jira su ji me zai ce. Ya gyara zama, ya gyara murya, tsohon halin ya motsa.

"Angon nan da kuke gani," in ji shi, "ni na kira shi. Da bakina."

Ya jira a yi masa gardama kamar kullum. Ba wanda ya yi. Tsohuwar nan ta layin baya ta ce, "Wannan kam gaskiya ne, duk mun ji."

Tun da aka haife shi, ranar ce ta farko da ya faɗi magana unguwa ta yarda baki ɗaya. Sai ya jawo hular a hankali ya rufe idonsa da ita.